Tambayoyin da ake yawan yi min a kan yawo da koyon yare

Ni dai haifaffen Jos ne, saye da sayarwa nake yi, a da dankali da kayan gwari yanzu kuma atamfa da yadi, kuma tun ina saurayi ƙafata bata zama wuri ɗaya har abokai suka laƙaba min Na-yawo. Tambayoyin nan kusan iri ɗaya ne ake maimaita min a shago, a wajen ɗaurin aure, wani ma a waya tsakar dare, shi ne nace bari in haɗa su in amsa gaba ɗaya kowa ya huta.

Kawu wai me ya sa maka son yawon nan ne?

Garin ne da kanshi. Duk wanda ya tashi a Jos kafin abubuwa su dagule ya san me nake nufi. Haƙar kuza ce ta kwaso mutane daga ko'ina ta zube su a kan dutsen nan, layin dogo na Fatakwal ya biyo ta Kafanchan ya iso a 1927 ya ƙara kwaso wasu, ga Birom da Afizere da Anaguta da suke nan tun asali, ga Hausawa da Fulani da Barebari da Nupawa, ga Yarbawa da Ibo, har kwarori masu kanti. Gidan hayar da na tashi famfo ɗaya ne a tsakar gida, da asuba in mata suka jera bokiti cikin sanyin nan mai fasa leɓe zaka ji yare huɗu biyar a lokaci ɗaya, ana gaisawa ana faɗa a kan wa ya riga wa ana dariya, mu yara muna kwashewa bamu ma san koyo muke ba. Sai kuma rediyon babanmu, kullum tana kan BBC Hausa, tashar da tun 1957 take, in an zo karanta wasiƙun masu sauraro sai kaji daga Yamai, daga Injamena, daga zangon Kumasi, daga Yawunde, ni kuma ina kwance ina cewa wai a can ma Hausa ake ji? To gani ya kori ji, da na samu kuɗin mota na farko ban tsaya ba.

Yare nawa kake ji?

Ya danganta da me ake nufi da ji. Akwai wanda gaisuwa kawai na iya, akwai wanda zan yi ciniki da shi ba a cuce ni ba, akwai wanda zan zauna a yi hira har a yi barkwanci in rama. Hausa da Turanci da broka na gida ne. Faransanci na na kasuwa ne, yana kaini yana dawo da ni amma kar ka bani wasiƙa in rubuta. Fulatanci da Yarbanci ina hira da su, Zabarmanci da yaren Asante gaisuwa da ƙirga, Larabci kuwa na islamiyya ne wanda in na yiwa direba shi sai ya ɗauka huɗuba zan fara.

Ai da Hausa kaɗai ana zagaye Afirka ta yamma, meye na wahalar koyon wani yare?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci min rai don rabinta gaskiya ne. Hausa tana kai mutum nesa wallahi. Ka sauka a Akara kace a kaika Nima ko Sabon Zango, a Kumasi kace zango, a Kwatano da Lome ma akwai zango, a Yawunde kace Briketeri, kafin ka ajiye jaka an ce maka sannu da zuwa, an nuna maka masallaci, an nuna maka mai shayi. Kuma ba jiya aka fara ba, fataken goro ne suka share hanyar, ayari ya tashi daga Kano ko Katsina da jakuna ɗauke da kanwa da fata da baƙin yadi, tafiyar watanni har Gwanja, a sauke a kasuwar Salaga a ɗauko goro. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892 sai mutane suka bazu zuwa Kete Karaci da Kumasi da bakin teku, zangunan suka ƙara cika. Alhassan Ɗantata ma ta harkar goron nan ya taso. Ta gabas kuma hanyar Makka ce, mahajjatan ƙafa da suka yada zango a Cadi da Sudan wasu basu ƙarasa ba wasu basu dawo ba, ga kuma mutanen Sarkin Musulmi Attahiru da suka wuce gabas bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903, ɗansa Mai Wurno ya kafa gari a bakin Nilu da har yau sunan shi yake ɗauke da shi.

To amma a nan tarkon yake. Mutum ya tashi daga tashar Bauchi Road ya sha mota har ƙafa ta kumbura, ya sauka a zango, ya ci tuwo miyar kuka, ya bi liman Bakano sallah, ya yi hira da 'yan garinsu a kan siyasar gida, ya sari kayanshi ya dawo yace ya je Gana. Malam baka je Gana ba, Anguwan Rogo ta nan Jos ka je ta doguwar hanya. Zango masauki ne, ka ajiye kaya ka huta, washegari ka fita ka shiga cikin masu garin.

Kuma mu faɗawa kanmu gaskiya, mun saba kowa ya koyi namu. A nan Filato maƙwabcinka Birom ne ko Angas ko Tarok, yana jin Hausa kamar kai, wani a coci ma da Hausa yake waƙa, kai kuma kun tsufa tare katanga ɗaya amma ina kwana da yarenshi baka iya ba, baka ma taɓa tambaya ba. Ba ina cewa wannan ne ya kawo rikicin 2001 da waɗanda suka biyo baya ba, wannan magana ce mai tsawo da siyasa da ƙasa a ciki, amma tunda anguwanni suka rabu yaranmu suna tashi basu san kowa ba sai irinsu, kuma ni abin yana damuna fiye da yadda nake nunawa.

Hausar tasu iri ɗaya ce da tamu?

Zaku fahimci juna amma ka buɗe kunne. A Nijar lahiya zaka ji, da Faransanci a ciki inda mu muke sa Turanci, kuma wajen kuɗi ne ake kayar da baƙo, don su da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce, in mai kilishi yace maka dala ashirin to sefa 100 yake nufi, dala ɗari sefa 500, jika kuma sefa 1000. Ka riƙe wannan kafin ka shiga kasuwar Maraɗi. A zangunan Gana kuma da yawa basa raba mace da namiji a magana, sai kaji an ce mata na ya zo, kar kayi dariya kuma kar ka gyara, haka tasu take, mu ma 'yan Jos ai Kanawa dariyar tamu suke yi.

Da gaske ne gaisuwa kaɗai tana canza yadda ake karɓar mutum?

Bari in baka ɗaya. A kasuwar Kejetiya ta Kumasi, wadda in ka shiga ba ɗan rakiya sai ka yini kana neman ƙofa, na tsaya gaban wata dattijuwa mai sayar da yadi, tana zaune kan kujera 'yar tsugunne tana cin abinci a ganye ko kallona bata yi ba. Nace mata maakye, wato gaisuwar safe. Ta ɗago ta kalli hulata ta kalli rigata, ta fashe da dariya ta kira na kusa da ita su zo su ji, ta sa na maimaita, ta gyara min inda nake danne muryar, sannan ta tambaye ni ran da aka haife ni. Nace Juma'a, a gida ma Ɗanjuma kakata take ce min. Tace to daga yau sunanka Kofi. Ta ture kwanon ta wanke hannu ta jawo min benci, ta aiki yarinya ta siyo min ruwa mai sanyi, ta fito da yadin da bata baza a gaba ba. Ragin da ta min ba wani mai yawa bane, 'yar kasuwa ce ba wasa, amma ita ta haɗa ni da mai ɗaukar kaya na amana ta kuma gaya min layin da bai kamata in bi da kuɗi a aljihu ba. Can kuma in ka tarar da mutane a zaune daga na dama kake fara miƙa hannu ka bi su har hagu, kuma kar ka kuskura ka miƙa kuɗi da hagu, wannan dai mu ma haka ne.

Waɗanne takardu zan nema?

Fasfo da katin rigakafin shawara, wanda ake cewa yalo kad. Fasfo akwai mai shafi 32 na shekara 5 akwai mai shafi 64 na shekara 10, sai kana da NIN, kuma ka tabbata sunanka da ranar haihuwa iri ɗaya ne a duk takardunka don nan ne mutane suke maƙalewa. Allurar shawara sau ɗaya ake yi a rayuwa amma ayi ta aƙalla kwana 10 kafin tafiya, kuma don Allah ayi allurar da gaske a daina sayen kati a bakin tasha, cutar kisa take. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bawa ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza ya zauna har kwana 90, shi yasa Benin da Togo da Gana da Kodebuwa da Senegal basa neman biza a wajenmu. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, Kamaru da Cadi kuma dama ba a ciki suke ba, to waɗannan ka tambayi halin da boda take ciki a satin da zaka tashi, direbobin layin sun fi kowa sani.

A boda ka tabbata an buga maka hatimin shiga da na fita, kar wani ɗan kamasho yace kawo in tsallaka da kai ta baya a babur, ranar dawowa zaka gane kurenka. Masu kaki a hanya kuwa wasu zasu nemi na goro, sabon fasfo ma kuɗinshi daban suke yanka mishi, na sha tsayuwa a rana a kan wannan. Ka ware canji a aljihu daban, kar ka fito da damin kuɗi, kar ka ɗaga murya.

Ni ba mai kuɗi bane, ta yaya?

Ni ma ba shi bane. Mafi yawan yawona a mota nayi shi kuma da ɗan kaya a hannu, in kai wani abu in sayar in saro wani, kuɗin mota ya fita. Abinda yake cin kuɗi otal ne da abincin gidan cin abinci na 'yan gayu, in kana da mai masauki ko ka kama ɗaki mai sauƙi ka ci abincin bakin titi kamar kowa, zaka yi mamaki. Amma mai masauki ba otal bane, ka riƙo mishi tsaraba, daga nan Jos acca ko dankali ko zuma ya isa, kuma kar ka zarce kwanakin da ka faɗa, baƙo raɓa ne.

Wajen canji ka sani sefa iri biyu ce, ta yamma da ake kashewa a Nijar, Benin, Togo, Kodebuwa, Senegal, Mali da Burkina, da ta tsakiya ta Kamaru da Cadi, darajarsu ɗaya amma takardun daban ne, ta Kwatano mai shago a Garwa ba zai karɓa ba. Gana kuma sidi ne. Ka canza kaɗan a boda na mota da abinci, sauran sai ka shiga gari.

Wace hanya ake bi a mota?

Ta bakin teku daga Legas ne, Seme, Kwatano, Lome, Aflawo, Akara, ƙasa huɗu a jere kuma tazarar ba wani nisa bane, tsaye-tsaye ne yake cinye yinin. In ka shiga Togo ka mayar da agogo baya da awa ɗaya, Gana ma haka, Benin da Nijar da Kamaru lokacinmu ɗaya. Ta arewa akwai Katsina, Jibiya, Maraɗi, akwai Sakkwato, Illela, Birnin Ƙonni. Kamaru ta wajen Adamawa ake shiga zuwa Garwa, a gangara Ngaundere a hau jirgin ƙasa na dare a wayi gari a Yawunde, kuma duk arewacin Kamarun nan Fulatanci ne yaren kasuwa. Hanyoyin da na bi da dare ina saurayi yanzu da rana ma sai an yi tambaya, ba zan ce maka je ka kawai ba, a tashi da wuri a sauka kafin magariba, in mutanen wuri suka ce kar a bi to kar a bi.

Na girma, kaina zai ɗauki sabon yare kuwa?

Zai ɗauka, kunya ce take hana manya ba ƙwaƙwalwa ba. Yaro zai kwaɓa magana a yi dariya ya sake kwaɓawa, babba kuwa sau ɗaya aka dara ya rufe baki kenan. Yadda nake yi, gaisuwa tukun da amsarta, sai na gode, sai ƙirga, sai nawa ne da yayi tsada da rage min, sai menene sunan wannan, don in ka iya wannan tambayar kowa ya zama malaminka. Ina da ɗan littafi a aljihun gaba ina rubutawa yadda kunnena ya ji, wani lokaci da ajami don ya fi min sauri. Yanzu ma waya ta sauƙaƙa, kace mutum ya faɗa ka ɗauki muryar ka dinga saurare a mota. Tsofaffin mata da yara su ne malaman ƙwarai, tsohuwa bata gajiya da gyara maka yaro kuma baya jin nauyin ce maka ba haka bane. 'Yan boko ne basu da amfani a nan, kana fara lalube zasu juya maka zuwa Turanci don su taimake ka.

Sai barkwanci. Yadda muke wasan Fulani da Barebari ko Kanawa da Zagezagi haka ake yi a Nijar da Mali, Nijar ma UNESCO ta sa nasu a jerin al'adun duniya a 2014. In ka gano waye abokin wasan waye, ka shiga gari.

Faransanci fa, a ina zan koya?

Akwai Alliance Française a nan Jos, akwai ƙauyen koyon Faransanci na gwamnati a Badagry, na Larabci kuma a Ngala aka kafa shi a Borno. Aji yana gyara maka nahawu, amma in ka samu hali kayi wata guda a Kwatano ko Lome kana cinikin kifi da kanka. Ƙasashen da muke iyaka da su ta ƙasa dukkansu sun taɓa Faransanci, abin mamaki ne yadda muka yi watsi da shi.

Abinci da sallah basa baka wahala?

Sallah bata taɓa bani wahala ba a yankin nan, masallaci baya nisa, inda babu kuma na sha ganin wanda ba musulmi ba ya share min wuri ya kawo ruwa a buta ko a kofi. Abinci kuwa tambaya ce, matambayi baya ɓata, nama in ban san wa ya yanka ba sai in koma kifi. A Gana zaka tarar da namu ya riga ka zuwa, koko da ƙosai da safe suna kiranshi Hausa koko, ga waakye wanda shinkafa da wake ne da aka dafa da karan dawa ya yi ja, ga tuwon zafi. A Abijan garba ake ci, garin rogo da soyayyen kifi da barkono. A Yamai kuma in aka zaunar da kai a fada, wato majalisar hira ta samari, aka ɗora shayi a kan gawayi to zagaye uku ne, kar ka sha na farko ka miƙe. Abinda bana so shi ne mutum ya yamutsa fuska a kan abincin mutane, in ba zaka ci ba kace alhamdulillahi ka ƙoshi, ai mu ma baƙo in ya ga gwate karon farko kallon kwanon yake.

Baba ni mace ce kuma ina son yawon nan, ya zanyi?

'Yata maganar muharrami ki kaiwa malamai da mutanen gidanku, ba fagena bane. Abinda na gani da idona shi ne motocin Kwatano da Lome rabi hajiyoyi ne 'yan sari, a ƙungiya suke tafiya, sun san kowane shinge sun san kowane masauki, wani direban ma tsoronsu yake. Babbar kasuwar Lome kuwa mata ne suka riƙe harkar atamfa tun zamanin waɗanda ake cewa Nana Benz. Ki nemi irin waɗannan iyayen ki bi su karon farko, fasfo da kuɗi a jikinki ba a jaka ba, kuma a gida a san inda kika kwana kullum.

Hajiya bata ƙorafi?

Tana yi mana. Amma in an cika buhu kafin a tafi aka dawo da turmi biyu, ƙorafin yana raguwa.

Wace ƙasa ta fi burge ka?

Gana wajen tsari da layi, Nijar wajen karɓar baƙo, Kamaru wajen kyan ƙasa. Sanyi mai daɗi kuwa ban ga na biyun Jos ba.

Bani da fasfo yanzu, daga ina zan fara?

Daga tasha. Jihar nan kaɗai yarukanta sun fi arba'in, kuma na san 'yan Jos da suka je Dubai amma basu taɓa taka Pankshin ba. Ka fara da gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, ka ga kayan Nok, ka zagaya baya inda aka gina kwaikwayon gine-ginen gargajiya har da ganuwar Kano. Wani satin ka tafi Riyom ka ga duwatsun nan da suka hau kan juna, ka gangara Assop wajen ruwa. Ka shiga motar Mangu ran kasuwa, ka wuce Pankshin, Langtang, Shendam, ka ga dutsen Wase yadda ya miƙe shi kaɗai a fili. In lokacin bukukuwa ne akwai Nzem Berom, akwai Puus Kaat na Mwaghavul a Mangu, akwai Pusdung na Angas, ka nemi abokin makaranta ko abokin kasuwa ɗan wurin ya raka ka don ka san inda baƙo yake tsayawa da inda baya shiga. Ka tafi da rigar sanyi in Pankshin zaka kwana, kuma motar dawowa daga ƙauyukan nan bata kaiwa la'asar sakaliya, in ka makara sai dai babur.